Abin da Inna Ta Gaya wa Likita

Magama, Jibiya
Lahadi, 28 ga Nuwamba, 2021
23 ga Rabi'us Sani, 1443, a kalandar da ke bangon ɗakina
Ƙarfe 4:35 na yamma

Zuwa ga Kawu Lawwali, a Libreville.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Umma Bilkisu da ƙannena Kabiru da Sadiƙ. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a ɗinki, ya ɗauke maka ciwon bayan nan da ka ce yana tashi in ka daɗe a kan keke. Mu nan muna lafiya gwargwado. An gama shigar da gero da dawa da wake, gyaɗa ma ta yi kyau bana fiye da bara. Ƙanwata Hafsat tana nan tana fama da makarantar Islamiyya da aikin gida, ni kuma har yanzu ina jiran takardar kiran bautar ƙasa.

A zaure nake zaune, a kan bencin marigayi Baba, takarda a kan cinya. Hayaƙi yana shigowa daga tsakar gida yana cika mini ido, kuma ban tashi na kauce masa ba, don kafin 'yan kwanakin nan wata takwas rabon da hayaƙin nan ya tashi a gidanmu. Zan gaya maka ko na mene ne. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira saboda na san kaina: in na ji muryarka a waya sai in rikice, in fara da ƙarshe in manta farko. Gobe da safe zan ɗauki hoton shafukan nan in turo maka ta layin Nijar. Ka san farkon labarin, amma ka yi haƙuri in jero shi tun daga tushe, don kada in tsallake wani abu, kuma don maganar da nake roƙo a ƙarshe ta tsaya da ƙafarta.

Ranar Talata, 16 ga Maris, Inna, ƙanwarka, ta taso daga Riko da buhun gyaɗa biyu, ita da ƙawarta Rabi, 'yan bindiga a kan babura suka tare motarsu. Inna ta faɗa wani kwazazzabo ta kwanta har rana ta take. Rabi ba ta tsira ba, Allah ya jiƙanta. Inna ta dawo gida ko ƙwarzane babu a jikinta, kowa ya yi hamdala, aka ɗauka magana ta wuce. Da na gama jami'a na dawo ranar 9 ga Yuli, sai na tarar da abin da ba a gaya mini a waya ba. Kaskon ƙulinta a kife, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Tun daga ranar harin ba ta taka ƙofar gida ba, ko gaisuwar Rabi ba ta iya zuwa ba. Barcinta awa ɗaya ne, in ya yi yawa biyu. In babur ya wuce ta bayan katanga, duk abin da ke hannunta sai ya faɗi. Mota kuwa ko zancenta ba ta son ji, shi ya sa kai ta asibitin Katsina ya gagara. A unguwa har an fara rage murya in an zo kan sunanta.

Kwana uku bayan babbar Sallah aka yi zaman nan a zauren da nake ciki yanzu, kai kana kan waya an ƙara murya. Baffa Manu, ƙanin Baba, ya kawo maganar mai maganin nan da ke tsare mutane a gidansa wata da watanni. Ni kuma na taɓa ganin wanda ya dawo daga can, na ga tabon mari a ƙafarsa, shi ne na roƙi a ba ni lokaci. Na rubuta abin da ka ce a ranar, ga shi kuwa: a bar wa yaron nan har a gama shigar da amfanin gona, in ba a ga sauyi ba Manu ya yi abin da ya ga ya dace. Tun daga ranar, Kawu, duk damin geron da na gani a kan amalanke sai gabana ya faɗi.

Abin da na dogara da shi wani shiri ne da wata ƙungiyar likitoci ta buɗe a Katsina bayan korona. Mutum zai cika takarda ta waya, su haɗa shi da likitan da ya karanci damuwa da firgici, a riƙa ganawa ta kiran bidiyo sau ɗaya a mako. Inna ta kafa sharaɗi biyu ta bakin Hafsat: likitar ta zama mace, kuma a tambayi liman. Liman ya ce neman magani ba ya rage wa mutum tawakkali, ta nema, ta kuma riƙe addu'o'inta. Aka ba mu Dakta Tani. Bahaushiya ce, Kirista, iyayenta mutanen ƙauyukan garin Kusa ne, Hausarta irin tamu ta gida. Da Inna ta ji gaisuwarta sai ta ce wa Hafsat wannan kam da tuwon dawa aka yaye ta. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, na ɗauka rabin aiki ya ƙare.

Mun yi zama huɗu a ɗakin Inna, kowace Laraba ƙarfe goma na safe, daga 18 ga Agusta zuwa 8 ga Satumba, minti arba'in-arba'in. Ni nake riƙe wayar, littafina a kan gwiwa, ina rubuta abin da aka tambaya da abin da aka amsa. Yaya barci? Lafiya lau. Yaya cin abinci? Lafiya lau. Me take ji in babur ya wuce? Babu komai, alhamdu lillahi. Na ƙirga daga baya, cikin minti ɗari da sittin Inna ta ce lafiya lau sau arba'in da bakwai. A zama na biyu likita ta ce in jingine wayar in ba su wuri. Na jingine ta a jikin kwalla na fita, amma kiran yakan yanke, Inna kuma ba ta san inda ake dannawa ba, don haka na laɓe a bayan labule ina jira. A ganina na fita ke nan.

Ranar Alhamis, 9 ga Satumba, sabis ya ɗauke a wayata, bai kuma dawo ba har yau. Ka ji labarin a rediyo: gwamnati ce ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga, har da tamu. Ba ni da ilmin da zan ce an yi daidai ko an yi kuskure. Abin da na sani shi ne Laraba biyar suka wuce babu likita, dawa kuma tana ta nuna. Baffa Manu in zai wuce gona sai ya leƙo zaure ya ce, malam mai digiri, ya likitar cikin gilashi, ko ta tafi hutu ne? Wata rana ya ce shi ba ya ƙirga Laraba, dami yake ƙirgawa. Ba ƙararsa nake kawowa ba, Kawu. Shi ne ya nome mana gonar Baba bana, kuma na sha ganin ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya kasa shiga. Tsoro yake ji kamar yadda nake ji, hanyar da ya sani ce daban.

Mutanen Magama ba su daɗe ba suka gano cewa layin Nijar yana kamawa a wasu wurare kusa da shingen kan iyaka. Wurin da ya fi shahara gindin tsamiyar nan ce ta bayan garejin tirela. Da ka gani da ka yi dariya: mutum hamsin, sittin, kowa ya ɗaga waya sama kamar ana roƙon ruwa. Wannan yana ihun farashin albasa, wancan yana ba matarsa haƙuri a Legas, jama'a na taya shi da shawara. Na sayi layin, ranar 6 ga Oktoba na samu Dakta Tani. Ta ce marasa lafiyarta na wannan yanki duk sun ɓace mata rana ɗaya, ni ne na farko da ya dawo. Amma ta ce ba za ta gana da Inna a tsakiyar taro ba, sai an sami ɗaki mai ƙofa. Na tsaya a gindin tsamiyar nan na rasa inda zan sa kaina.

A nan Hajiya Hadiza ta gan ni. Ban sani ba ko ka tuna ta: Bamaraɗiya ce, mai sarin aya da dabino, tana da sito kusa da shinge, shekara ashirin tana sayen ƙulin Inna tana kaiwa Maraɗi. Ta ƙwala mini kira daga nesa, ɗan Salmatu, ta ce me nake yi a kan yatsun ƙafa kamar zakara zai yi cara. Na yi ta kewaye-kewaye, ta ce in bar mata Hausar boko in hwaɗi gaskiya. Da na faɗa, sai ta ce tagar sitonta ta arewa rezo cike yake, wato sabis, daga nan take kiran ɗiyarta a Yamai. Na yi kwana shida ina zuwa ƙarfe goma ina gwadawa. Kwana biyar ya kama sosai, rana ɗaya ya yi ta yankewa. A rana ta shida ta ce ko mai neman aure bai yi mata sintirin da nake yi ba, in dai ba sadaki zan kawo ba in tahi in kawo uwata.

Daga ƙofarmu zuwa siton, ta hanyar bayan gari da ke ratsa gonaki, taku dubu ɗaya da ɗari bakwai da arba'in ne. Na auna sau biyu. Ga wadda ta yi wata bakwai ba ta fita ba, wannan tafiya ce mai nisa, kuma ni ban san yadda zan ce mata ta tashi ba. Ranar Laraba, 20 ga Oktoba, Hajiya Hadiza ta zo da kanta. Ta shiga ɗaki ba ta ko zauna ba, ta ce aya ta yi mata yawa, idonta ya mutu, tsakuwa take sayar wa mutane, Salmatu ta tashi ta taya ta tsinta ko ta yi mata Allah ya isa. Tana magana tana ɗaura mata mayafi. Ina bin su a baya da tazara. Inna ta tsaya sau uku. A na biyun wani babur ne ya wuce can kan titi, ta durƙushe a tsakanin kunyoyin gona ta rufe kai. Hajiya Hadiza ta durƙusa kusa da ita, ta shiga tona ƙasa tana faɗa wai ɗan kunnenta na zinari ya faɗi, kowa ya tsaya cik kada a taka. Wasu mata biyu da ke wucewa har suka taya ta nema. Da ƙarar ta ɓace ta ce af, ashe yana kunnenta, suka miƙe.

A sito na ɗora wayar a kan taga, na kira, likita ta fito tar. Na jawo buhun aya na zauna, na buɗe littafi. Dakta Tani ta yi murnar ganin Inna, ta tambayi yadda ta yi makonnin nan. Inna ta ce lafiya lau. Hajiya Hadiza tana bakin ƙofa tana kallonmu. Ba ta kai minti shida ba ta kamo hannun rigata ta ja ni waje, ta janyo ƙofa, ta tasa ni gaba har bakin titi.

Kawu, ban taɓa shan faɗa mai amfanin wannan ba. Ta ce wai ni wane irin ɗan lakwal ne, wato ɗan boko, an ba ni digiri an karɓe hankalin gida. Ta ce shekara ashirin da biyar uwata ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa kai loma baki ina kallo ba, ranar da aka yi mata albishir na gama jami'a ɗaki ta shige kamar ba ta ji ba, shi ne nake so ta zauna gaban ɗan farinta ta ce tsoro take ji, ta yi kuka, ni kuma ina rubutawa? Na ce ai a gida nakan fita in bar su. Sai ta fashe da dariya har da tari, ta ce awo, ta ji labari a hanya: Salmatu ta ce duk Larabar duniya ga manyan ƙafafuna nan biyu suna leƙowa ta ƙarƙashin labule, har babban yatsa yana motsi in an yi tambaya. Ta ce in kira ya yanke ita za ta danna, ni in tahi gareji in ƙirga tirela tun da ƙirga ce sana'ata, kada ta ga ƙeyata sai ta aiko.

Na tafi, kunya kamar ƙasa ta tsage. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba sabon abu ta gaya mini ba. A cikin wannan kunyar aka haife ni, a cikinta na girma. Ni kaina ban taɓa zama a kan tabarma ɗaya da Inna ba sai da wayar nan ta zaunar da ni. Na ɗauke ta al'adar suna da cin abinci kawai, ban taɓa kawo cewa za ta bi mu har gaban likita ba. Na rubuta awannin barci, na rubuta ƙarfin sabis, na rubuta yawan taku, wanda ke toshe maganar kuwa yana zaune a kan buhu riƙe da biro. A takardar da na cika, inda aka tambayi dangantakata da mara lafiya, ɗa kawai na rubuta. Dakta Tani ta ce mini daga baya, da ta san ɗan fari ne ni da tun ranar farko ta kore ni kasuwa, don ita ma haka uwarta take da babban wansu.

Tirela talatin da ɗaya na ƙirga, tara masu lambar Nijar. Zaman ya ɗauki minti hamsin da biyu maimakon arba'in. Inna ta fito fuska rufe da mayafi, ta sha ruwa moɗa biyu. Ba zan ɓoye maka ba, kwana biyun da suka biyo baya sun fi na da muni. Ta yi ta kuka, ta ƙi abinci, ni kuma na tabbata na ƙarasa ta da hannuna. Na ruga sito na kira likita ba ranar zama ba. Ta ce hakan yakan faru in wanda ya daɗe da haɗiye abu ya fara fitar da shi, ta gaya mini alamomin da in an gani sai a kira ta nan take, ta ce Hafsat ta riƙa kwana kusa da ita. Ba mu ga ko ɗaya daga alamomin ba. A rana ta uku Inna ta nemi koko.

Daga 20 ga Oktoba zuwa Larabar da ta wuce an yi zama shida. Ɗaya, na 10 ga Nuwamba, hoto ya ƙi fitowa, suka yi da murya kawai. Ban sake shiga siton a lokacin zama ba, yanzu ma ba ni nake raka ta ba, Hafsat ce. Bisa abin da Hafsat ke gaya mini da safe, barcinta ya tashi daga awa biyu zuwa biyar, wata rana biyar da rabi. Ta koyi kiran da kanta: ta gane hoton likitar, ta san inda ake dannawa, har ta ce wa Hajiya Hadiza ta daina taɓa mata waya da hannun dabino. Ranar Juma'a, 12 ga Nuwamba, ta yi wanka ta sa tufafi ta tafi gidan su Rabi ta yi gaisuwar da ta yi wata takwas tana binta. Ta daɗe a can. Ranar Litinin, 22 ga wata, ta sa Hafsat ta tayar da kasko ta wanke.

Wani abu kuma ya faru da ban shirya shi ba. Yanzu mata huɗu ne ke shiga siton nan ranar Laraba, ɗaya bayan ɗaya, duk waɗanda irin abin da ya sami Inna ya taɓa su ko ya taɓa nasu. Ni na cika musu takardun, amma ba zan rubuta sunayensu ba. A unguwa abin da aka sani shi ne Hajiya Hadiza tana ɗaukar mata tsintar aya, kuma suna tsintar da gaske yayin da suke jiran layi, don haka babu wadda ta yi ƙarya. Ita kuwa ta ce daga yau a riƙa ce mata madam likita. Shekaranjiya wani direba, babban mutum, ya ja ni gefe a gareji ya tambaye ni a hankali ko akwai likita namiji a cikin wayar.

To, ga ranar da na fi so ka ji. Ran Laraba aka sa damin dawa na ƙarshe a rumbu. Ran Alhamis, 25 ga wata, ƙarfe tara da minti goma na safe, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, Baffa Manu ya fito. Na san abin da ya kawo shi. Na tare shi a zaure riƙe da littafina, na riga na ja layi a ƙarƙashin duk lambobin da zan karanta masa. Ko kallona bai yi ba, ya yi sallama ya shige. Ya tarar da Inna a tsakar gida, zani ɗaure a ƙirji kan riga, tana sheƙe gyaɗar da ta soya. Ka san wasan da ke tsakaninta da shi tun tana amarya, wanda ya mutu tun watan Maris. Ta ɗago ta dube shi, ta ce ashe Manu yana da kirki ba a sani ba, wa ya gaya masa tana neman motar da za ta kai mata gyaɗa inji? Ta ce ya sunkuya ya ɗauki buhun, ƙato da shi, kada ya tsaya yana zare ido kamar an kama shi a rumbun wani.

Baffa ya dube ni, ya dube ta, ya ce motar ta wata tafiya ce. Ta ce ta san tafiyar, tun bayan Sallah take jin komai ta katangar zaure, don ciwon bai taɓa mata kunne ba. Ta ce kanta yana nan inda Allah ya ajiye shi, zuciyarta ce ta tsorata, ta kuma sami mai saurarenta, saura haƙuri da addu'a. Ta ce in yana son taimakonta ga buhu nan. Kawu, ya ɗauka. Na ga Baffa Manu da buhun gyaɗa a ka yana fita ta zauren nan, ni kuma ban buɗe littafin ba.

A bakin motar ta tsaya. Ta dafa ƙofar, leɓɓanta suna motsi, hannunta ɗaya cikin na Hafsat. Direba ya so ya yi magana, Baffa ya ɗaga masa hannu. Ba zan iya gaya maka minti nawa ta yi a tsaye ba, don karon farko ke nan da na manta da agogo. Sannan ta ce bismillahi ta shiga. Suka tafi Jibiya, suka dawo ƙarfe goma sha biyu saura minti goma, Baffa duk rigarsa ta yi maiƙo. Hafsat ta ce Inna ta runtse ido a wurare biyu, amma a dawowa har ta yi wa direba faɗan gudu. Da yamma Baffa ya zauna ya ci ƙuli mai zafi ya ce gishiri bai ji ba, ta ce ya je gidansa a sa masa. Hayaƙin da na ce yana cika mini ido, na suyar yau ne, kasko na uku tun Alhamis, kuma Hajiya Hadiza ta riga ta kama rabi.

Ga roƙona. Baffa ya ce idonsa ya gani, amma wa'adin nan kai ka yanka shi, kai kaɗai za ka warware. Ya aika wa mai maganin cewa a dakata zuwa Juma'a, 3 ga Disamba. Ina roƙonka don Allah ka ce masa an bar maganar. Zan kawo shi tagar siton ranar Laraba, 1 ga Disamba, ƙarfe ɗaya na rana, bayan mata sun watse, in kira ka. Agogonmu da naku ɗaya ne, na bincika. Ba cewa nake ta warke ba. Dakta Tani ta hana ni faɗin haka, ta ce da sauran tafiya, za a iya samun ranakun da za ta koma baya, kuma tana so a kai mata ita Katsina ta gan ta ido da ido, tun da yanzu mota ta fara shiguwa. Abin da nake cewa shi ne wa'adin ya ce a ga sauyi, an kuwa gani, a gaban wanda ya zo ɗaukarta.

Jiya ina tsakar gida ina rubuta awannin barcinta, sai ta juya wa inda nake baya, ta ce wa Hafsat da ƙarfi yadda zan ji: ki ce wa mai littafin nan ya ajiye biro ya ci abinci, ya fi ni ramewa. Tun da na yi wayo ba ta taɓa aiko mini da magana mai tsawon wannan ba. Na ci kwano biyu.

Ka gaishe mini da Umma Bilkisu, ka ce mata man gyaɗar da take so ya dawo, sai dai mai kawowa. Ka gaishe da Kabiru da Sadiƙ, su dage da karatu. Hafsat tana gaishe ka, ta ce ɗinkin da ka yi mata alkawari kada ya wuce azumi. Baffa Manu yana gaisuwa. Hajiya Hadiza ta ce in gaida yayan Salmatu, in ce masa ya dawo gida haka nan, ruwan teku ba fura ba ne. Inna ta ce wa Hafsat ta ce mini in gaishe ka.

Ka san ba na son rufe magana ban ware abin da na sani da wanda ban sani ba. Waɗanda ban sani ba su ne:

Ban san ranar da za a buɗe mana layukan waya ba. Kowa da abin da yake faɗi, babu wanda ya nuna mini takarda.

Ban san ko shirin likitocin zai ci gaba bayan ƙarshen shekara ba. Na tambaya, Dakta Tani ta ce ita ma jira take.

Ban san jihar da za a tura ni bautar ƙasa ba, ban kuma san wanda zai riƙa cika wa mutane takarda in na tafi ba. Na fara koya wa Hafsat.

Ban san ranar da babur zai wuce Inna ta ci gaba da abin da take yi ba. Har jiya sai da ludayi ya faɗi, amma ita ta ɗauka da kanta.

Ban san amsar da za ka bayar ranar Laraba ba, ko da yake ina kyautata zato.

Na ƙarshe, ban san abin da Inna ta gaya wa likita ba, ko kalma ɗaya. Shafin ranar 20 ga Oktoba a littafina babu komai a kansa sai tirela talatin da ɗaya. Duk cikin littafin shi ne shafin da ya yi mata magani, kuma haka zan bar shi.

Wassalam. Ɗanka mai biyayya,

Maharazu